Kujerar Gefen Direba

Ranar da ta fara shigowa shagon, Dogo bai fara ganin fuskarta ba, akwatin kwamfuta ya gani yana tahowa da ƙafa biyu. Baƙi ne, ƙato, irin na ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Ta rungumo shi da ƙyar, igiyar wutar tana jan ƙasa a bayanta.

"Don Allah a karɓe ni kafin in sake shi," in ji muryar da ke bayan akwatin.

Ya miƙe da sauri har ya ture gwangwanin noti. Ya karɓa ya ɗora a benci, sannan ya ɗago ya dube ta. 'Yar siririya ce mai farin gilashi, da burbushin alli a hannun rigarta. Duk layin sun san Dogo mai gyaran kwamfuta da surutu, amma ranar sai da ya lalubo bakinsa.

"Me ke damun ta, Malama?"

"Mutuwa take yi. Ba ta nuna komai, ba ta ce komai, sai dai ka ji ɗif. Amma fa sai ana cikin wasan gem."

"Ashe Malama ma tana taɓa gem."

"Na yi maka kama da mai gem? Babana ne."

Yana kwance murfin tana ba shi labari. Ita ce auta, kuma Auta kowa ke ce mata har a makarantar da take koyarwa. Babanta tsohon direban tirela ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke shi daga mota. Da ya fara samun sauƙi, likita ya ce a nema wa hannunsa na dama aikin yi kullum, sai yayanta da ke aiki a nesa ya haɗa masa kwamfutar, da sitiyari da giya da feda, ya sa masa gem ɗin tuƙin tirela.

"Tun daga nan Baba ya koma bakin aiki," in ji ta tana dariya. "Da safe zai yi wanka, ya sa hula, ya ce zai ɗauki hanya. Yanzu akwai wani dogon tudu da yake son hawa, da ya kai tsakiya sai ta ɗauke. Ya ce in kai ta gareji."

Dogo ya buɗe murfin, ya sunkuya. Kafin idonsa ya ga komai, hancinsa ya riga ya gaya masa. Wani ɗan ƙauri ne ke tashi daga akwatin wuta, wato ƙaramin akwatin ƙarfe da ke raba wa kowane sashe wutarsa. Ya haska tocila ta ragarsa, ya hango wani ɗan kwalba-kwalba a ciki ya kumbura. Ya san wannan ciwon kamar yunwar cikinsa. In gem ya yi nauyi, katin da ke fitar da hoto a allo sai ya ja wuta da yawa, akwatin da ya gaji ya kasa, komai ya ɗauke. Maganin kuwa a cire shi a sa sabo, aikin da bai kai a sha shayi a gama ba.

Ya ɗago zai faɗa, sai ya ga tana goge gilashinta da gefen mayafi, idanunta a waje. Ya yi tunanin in ya gyara yau, shi ke nan, ta tafi ke nan.

"Ƙura ce ta yi mata yawa," ya ce. "Bari mu fara da wannan mu gani."

Ba ƙarya ya yi ba, ƙura kam akwai, har ta yi wa fanka gemu. Kuma haka ƙa'idar aikin take, a fara da mai sauƙi kafin a kai ga mai wuya. Da wannan ya lallashi zuciyarsa yana hura iska. Da ta tafi, ya tsallaka wurin masu sayar da kaya ya sayo sabon akwatin wuta, ya tura shi ƙarƙashin benci, ya ce zuwa na gaba zai sa.

Bayan kwana kaɗan tes ɗinta ya shigo.

"Likitan kwamfuta, marar lafiyarka ta sake suma a kan tudu. Baba ya ce ko dai makaniken nan ɗan koyo ne?"

Ya amsa yana murmushi shi kaɗai: "Ki gaya wa Baba a yi haƙuri, ciwon manya sai a hankali. Ki kawo ta, amma wannan karon ki kira ni in tare ki a bakin titi, kada nauyi ya ƙara rage min ke."

"Rage MAKA ni? Yaushe aka ba ka?"

"Ina kan nema."

Ta turo masa hoton fuska mai harara, ta kuma zo washegari.

A zuwa na biyu ya cire fankar da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kankare tsohon man da ya bushe, ya shafa sabo. Ya nuna mata a allo yadda zafin ya sauka. A na uku ya zare ram, wato 'yan katunan da ke taya ƙwaƙwalwar aiki, ya goge ya mayar, ya sabunta manhaja. Kowane zuwa tana zaune a kan doguwar kujerar kwastoma tana duba takardun ɗalibai, yana aiki yana satar kallonta. Ya koma ce mata Fasinja, wai tunda 'yar direba ce. Ita kuma ta liƙa masa Likita. Ƙafarsa takan taɓa kwalin da ke ƙarƙashin benci, sai ya ƙara tura shi ciki.

Har ya taɓa ce mata, "Ya kamata in kwafe muku abin da Baba ya tara a gem ɗin, tunda ba ta shiga intanet." Sai ta ba shi wani labarin ɗalibanta, suka yi ta dariya, maganar ta bi iska.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba ya ce a kawo masa makaniken ya gan shi da idonsa. Dogo ya sa rigarsa mafi kyau, ya ɗauki na'urar gwada wuta, wai zai duba soket ɗin gidan.

Ɗakin ƙarami ne, tsaf. Tebur a jikin bango, allo a kai, sitiyari a ɗaure a bakin teburin, giya a dama. Baba dattijo ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ya ɗan karkace, amma idonsa garau. A damansa akwai wata kujerar katako da ƙaramin matashi a kai. Dogo ya gaishe shi, ya ja kujerar zai zauna, sai Auta ta fizgi rigarsa ta baya.

"Ba a zama nan," ta ce a hankali.

"Ƙyale shi, Auta, bai sani ba," in ji Baba. "Kujerar mamarta ce, yaro. Tsawon shekarun da na yi ina tuƙi, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga motata ba. Kullum ina hanya, tana gida da yara. Sai da na kwanta, aka kawo wannan abin, sannan ta zama fasinjata. Nan take zama tana min faɗa wai ina gudu."

Ya kunna gem ɗin. Tirela ta bayyana a allo, koriya shar, amma ƙofa ɗaya rawaya.

"Ita ta yi mata fenti. Hannunta ya goce ta danna rawaya a ƙofar nan, ta ce in gyara, na ce a bar min kayata haka. Wannan lodin tare muka ɗauko shi. Muna gindin tudun nan ta ce kanta na ciwo, mu tsaya sai gobe." Ya shafa sitiyarin. "Goben ba ta zo mata ba. Na daɗe ban iya taɓa shi ba. Yanzu so nake in kai mata kayan nan inda muka ce za mu kai, ita kuma wannan abar ta ƙi."

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya gwada soket ɗin da ya san lafiyarsa lau, don kada a ga fuskarsa.

A nan ya kamata ya ce, "Baba, na san ciwon, maganin yana shagona." Amma kunya ta riƙe masa harshe. Yaya zai bayyana makonnin da suka wuce? Sai ya nemi hanyar da za ta fitar da shi da mutuncinsa.

"Ina zargin akwatin wuta ne, Baba. Irin nata sai an yi oda, zai ɗan ɗauki kwanaki. Kafin nan a ɗan rage hawa tudun."

A rage ya ce. Bai ce a kashe ta a zare daga bango ba, don in ya faɗi haka za a gane ya san girman abin.

Da yamma ya tura mata: "Fasinja, ranar da zan kawo kayan nan akwai maganar da zan gaya miki. Ta fi kwamfuta nauyi."

Ta amsa: "In ta fi kwamfuta nauyi ka kira ni in tare ka a bakin titi. Baba ya ce kana da ladabi. Ni ban ce komai ba tukuna."

Ranar hutun ƙarshen mako, yana share shago, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Likita, ta yi wata ƙara fas, hayaƙi ya fito. Baba ya zauna ya ƙi magana. Ka zo."

Bai yi tunanin komai ba. Ya jawo kwalin daga ƙarƙashin benci ya fita a guje, ko ƙofar bai tsaya ya kulle da kyau ba.

Ɗakin ya cika da ƙauri. Ya cire ƙonannen akwatin, ya sa sabon. Ya danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, ya fara sauke ajiyar zuciya, sai rubutu ya fito cewa ba a ga faifan ajiya ba. Ya canza waya, ya sake gwadawa. Ya zaro faifan ya juya shi, ya ga baƙin tabo a bayansa inda wutar ta bi. Duk abin da ke ciki ya tafi, har da koriyar tirela.

"Za ta dawo?" Baba ya tambaya.

"Kwamfutar za ta tashi, Baba. Amma abin da ke kan wannan..." Ya ajiye faifan a kan tebur.

Auta tana tsaye riƙe da kwalin da ya yar. Ta ja yatsa a kan murfinsa, ta duba yatsan, ya yi furu-furu da ƙura.

"Ka ce sai an yi oda," ta ce. "Yau kuma masu kaya ba su buɗe ba. Tun yaushe wannan yake wurinka?"

Da zai iya yin wata ƙaryar, da wataƙila ta karɓa, don so take ta karɓa. Amma ya gaji.

"Tun ranar da kika fara zuwa."

"Ka san ciwon tun ranar?"

"Na sani. Na ji tsoron in na gyara ba za ki dawo ba."

Ta ajiye kwalin a hankali, ta cire gilashinta, ta fita daga ɗakin.

Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Na san irinka a hanya," ya ce. "Makaniken da zai ga birki ya cinye, ya ɗaure maka da waya don ka dawo gobe. Ba ya nufin ka mutu, ko kaɗan. Kawai bai tuna akwai gangara a gabanka ba. Na ga take-takenka da 'yar nan tun zuwanka, har na fara jin daɗi a raina. To ka ji da kyau. Wanda zai ga ciwo ya yi shiru don biyan buƙatarsa, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Kwashe kayan aikinka."

Kwanakin da suka biyo baya Dogo ya rame, ya yi zuru-zuru. Ya tura mata saƙo ya fi a ƙirga.

"Fasinja, ban da bakin ba ki haƙuri. Ki zage ni ma, zai fi min wannan shirun."

"Auta, ko ba za ki ƙara kula ni ba, ki bari in sa sabon faifai don Baba ya ci gaba da motsa hannunsa."

Ɗaya kawai ta amsa: "Baba ya rufe ta da zani. Ya ce kada wanda ya ƙara kunna ta."

Ana cikin haka sai ga Manaja. Ɗan wani tsohon abokin Baba ne, yana riƙe da reshen wani kamfani, kuma ya daɗe yana kewaye gidan ba a ba shi fuska ba. Da ya ji abin da ya faru ya zo da sabuwar laftof a kwali, yana cewa ai gyara ɓata lokaci ne, abu in ya lalace a sayi wani. Labarin ya iso wa Dogo ta bakin mai shagon kusa da shi, wanda ba ya raina abin faɗa. Bai gama haɗiye wannan ba, wata rana da hantsi ya hango Auta a gaban motar Manaja, sun wuce ta bakin layin, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya koma ciki ya zauna a kan kujerar kwastoma, ya ce wa kansa daidai ke nan, shi ya jawo.

Ya daina tura saƙo. Amma daga ranar duk wanda ya kawo masa gyara, kafin ya zauna ya gaya masa ciwon da maganin, har wasu suna cewa Dogo ya zama kamar mai amsa laifi a kotu.

Sai da wata ya kusa cika ta shigo shagon. Ba akwati a hannunta wannan karon, sai ƙonannen faifan a cikin leda. Ta ajiye a benci.

"Manaja ya kai ni wani kamfani da ke ceto abin da ke kan faifai," ta ce. "Sun riƙe shi, sun gwada, sun ce babu abin da ya rage."

"Can kuka je ranar da na gan ku?"

"To ina ka ɗauka? Laftof ɗinsa ma Baba ya ce ya mayar, wai shi ba akawu ba ne." Ta zauna, ta dubi hannayenta. "Hannun Baba ya koma baya, Likita. Jiya kofi ya suɓuce masa. Mai gashin ƙashin da ke duba shi ya ce in ya ci gaba da zama haka, abin da aka samu zai zube duka. Na yi fushi da kai har na gaji, fushin bai motsa masa yatsa ko ɗaya ba."

"Ki yafe min, Auta."

"Akwai abin da ban gaya maka ba." Ta share ido da bayan hannu. "Zuwana na uku, ba ta mutu ba. Baba bai ma kunna ta a makon ba, mura yake yi. Ni na ɗauko ta na ce ta mutu."

Ya dube ta, ta dube shi. Abin dariya ne, amma babu wanda ya yi. Su biyu suka yi ta zagaye da akwatin tsoho don su ga juna, alhali kalma ɗaya ta ishe su.

"Ba ɗaya ba ne," ya ce. "Ke ba ki san tana iya ƙonewa ba. Ni na sani."

"Na sani ba ɗaya ba ne. Tashi ka ɗauko kayan aikinka."

Baba bai amsa gaisuwarsa ba, amma bai kore shi ba. Dogo ya yaye zanin, ya sa sabon faifai, ya ɗora gem ɗin. Sai kuma ya yi wata wautar da ya ɗauka alheri ne. Ya zaɓi tirela irin waccan, ya yi mata koren fenti, ya mayar da ƙofa ɗaya rawaya, ya juyo da allon yana jiran a yaba.

Fuskar Baba ta canza.

"Goge ta."

"Baba, na ga kamar..."

"Na ce goge ta. Waccan kuskuren hannunta ne. Wannan kuwa dabararka ce. Ka ƙone min ta gaske, kada ka kawo min jabu."

Ya goge. Gem ɗin ya koma farko, da wata tsohuwar mota fara, ba lodi, ba komai. Ya tattara kayansa ya tafi. Washegari bayan ya rufe shago ya dawo ya duba zafin injin, ya gaishe da Baba, ya tsaya a bakin ƙofa. Haka jibi, haka gata. Ba a ce masa shigo ba, ba a ce masa tafi ba.

Wata yamma ya tarar da Baba a gaban sitiyari da hularsa. Hannun daman ya ƙi kama giya, sai ya riƙa tsallako da na hagu yana sawa.

"Baba, akwai inda ake dannawa motar ta riƙa canza giya da kanta."

"Ni za ka ba motar 'yan koyo? Tsaya inda kake."

A miƙaƙƙiyar hanya dabarar Baba ta yi aiki. Sannu a hankali ya yi ta ɗaukar ƙananan lodi yana saukewa, har aka sake ba shi babbar tirela da lodin waccan hanyar. Auta ta turo wa Dogo: "Yau zai hau tudun. Ya yi wanka tun ɗazu, ya tambaye ni ko makaniken nan zai zo. Kada ka nuna na gaya maka."

Ya zo ya tsaya a bayansa, Auta a gefen ƙofa. Tirela ta kama tudu tana nishi. Fankar kwamfutar ta ƙara ƙarfi, Dogo ya kasa kunne, babu ƙauri, babu wani baƙon sauti. Suka wuce inda ta saba mutuwa. Amma tudu ba ya jiran mai hannu ɗaya. Kafin Baba ya saki sitiyari ya kai hannun hagu ga giya, motar ta rasa ƙarfi, ta tsaya, ta fara komawa da baya. Ya taka birki. Ya sake gwadawa, ta sake komawa. Ya ɗora hannun daman a kan giyar, yatsun suka zame.

Baba ya daɗe yana kallon hannun nasa.

"Zauna," ya ce.

Dogo ya waiga yana neman abin zama.

"Ina kake dubawa? Nan na ce." Ya nuna kujerar katakon da haɓa. "Giyar tana wannan ɓangaren, daga tsaye ba za ka iya ba."

Auta ta rufe bakinta da mayafi. Dogo ya zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron ta karye, ya kama giyar.

"In na taka kuloci na ce sa, ka sa. Kada ka yi min dabara. Ɗaya."

Ya sa. Tirela ta yunƙura.

"Biyu. A hankali, ba noti kake ɗaurewa ba."

Haka suka hau, tsoho na kira, saurayi na sawa, har hanya ta miƙe a ƙwanƙolin tudun. Sai allon ya buɗe. A can ƙasa ruwa ne shuɗi, shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da wani gari a bakinsa.

Baba ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya cire hularsa ya ɗora a cinya.

"Ashe teku ne a bayansa," ya ce. "Kullum tana cewa in kai ta ta ga teku. Da ta ƙara haƙuri kaɗan ranar nan."

Hawaye ya bi ta karkataccen gefen bakinsa, bai share ba. Dogo ma kuka yake, hannunsa na kan giya, don ba a ce ya saki ba.

"Motarta ba ta iso nan ba, kuma kai ne sanadi," in ji Baba, bai dube shi ba. "Ba zan ce maka na manta ba, don ban manta ba. Amma na ga mutumin da aka kora ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ba ya neman komai. Auta, kina son makaniken nan?"

"Baba..."

"Ba na jin raɗa, injin na ƙara."

"Ina son shi, Baba."

"To ka turo manyanka. Sa giya, mu kai kayan mutane."

An ɗaura auren bayan 'yan watanni, ba tare da wata hayaniya ba. Yayan Auta ya zo daga nesa, Manaja ma ya halarta, ya yi musu fatan alheri da fuskar da ta ɗan yi tsami. Da safiyar ranar tes ɗinta ya shigo: "Likita, yau Fasinjarka za ta shiga mota. Ka tabbata ka duba birki." Ya amsa: "Na duba, ranki ya daɗe. In na ga ciwo kuma, ke za ki fara ji."

Kafin su bar gidan suka durƙusa a gaban Baba. Ya ɗora hannun hagu a kan Auta, sannan ya mayar da shi kan Dogo. Na daman yana kwance a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe. Mai gashin ƙashi ya ce watan nan da aka yi ba motsi ya tafi da abin da ba zai dawo ba. Jama'a na ta murna a waje, Dogo kuwa wannan hannun yake kallo.

Baba ya lura.

"Daina kallonsa, ya riga ya yi ritaya," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa ku yi tafiyarku tare tun da sauran ƙarfi, kada ku jira sai an kawo muku ita a allo."

"Amin, Baba," suka ce.

"Kai kuma ranar hutu ka zo da wuri. An ba ni lodi mai nisa, kuma ba ni da mai sa min giya sai kai."